Kiran Sandifa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Mansur ta Makka ya san muryar Hajiya Asiya kafin ya san fuskarta. Ni Rabi mai ƙosai da kunu, ni ce maƙwabciyarta a bakin titi tun muna da ƙarfinmu, kaskona na nan tukunyarta na nan. In kun ji an ce kunnena ya yi nauyi, to kada ku ɗora wa tsufa, ita ce. Masu talla kowa da abin da yake kira. Mai masa ta ce masa, mai fura ta ce fura, mai shayin gefenmu ya yi ta kaɗa kofunansa. Ita kuwa tuwo take sayarwa da miyar kuka, amma ban taɓa jin ta ce "ga tuwo" ba. Sai dai ta ɗaga kai kamar mai duban hadari, ta ja numfashi, ta sake shi: "Sandifaaa!"

Sandifa sunan gidansu ne, kuma sunan Bature ne, Baturen Ingila. Kada ku yi mamaki, ni na yi har na gaji. Labarin kuwa na ji shi daga bakinta ya fi a ƙirga, kullum tana tuƙin tuwo, idonta na kan tururi kamar a cikinsa take karanto shi.

Mahaifinta, Malam Wada, mutumin ƙasar Kano ne. Ya fito aikin hajji a ƙasa yana saurayi, yadda mutanen da suke yi: a yi tafiya, guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙodago, a sake ɗaura kaya. A ƙasar Sudan, wajen manyan gonakin auduga, ya samu aikin kuku a gidan wani Bature mai kula da ruwan gonaki, sunansa Sandifa. To, a unguwar Hausawan nan masu suna Wada sun yi yawa. Akwai Wada Dogo, akwai Wada Mai Jaki, shi kuma sai aka riƙa ce masa Wada na Sandifa. Bakin mutane ba ya son wahala, a hankali ya koma Wada Sandifa. Da Turawa suka tattara nasu-ya-nasu suka koma gida, mutumin ya bar kujeru, ya bar wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya bar sunansa. Kujerun an raba, sunan ma an raba. Mai kula da dokinsa ya ɗauka, mai lambu ya ɗauka, mai wanki ya ɗauka, kowa ya kama hanyarsa da shi.

A can aka haifi Asiya, a can aka haifi ƙannenta tagwaye. Hassan bai yi rai ba, Usaini ya tsaya. Tana yarinya da ta isa aike, shi kuma ya fara famfara, Malam Wada ya ce lokaci ya yi, a ƙarasa abin da aka fito dominsa. Suka gangara bakin teku, Sawakin, inda mahajjata ke zube suna jiran jirgin ruwa.

Asiya ta ce wurin nan ba gida ba ne, ba jeji ba ne. Rumfunan tabarma ne da tsummoki iya ganinka, kowace kamar 'yar'uwarta, yaro ya fita wasa ba zai gane tasu ba. Shi ya sa in rana ta yi sanyi kowane magidanci yakan tsaya a ƙofar rumfarsa ya kira sunan gidansa, yaransa su sheƙo. Nan ne sunan Bature ya yi rana. In aka kira Abdullahi, yara goma za su waiwayo. In Malam Wada ya ce "Sandifa!" babu mai shi duk faɗin wurin sai su biyu. Su taho a guje, Usaini na bayanta yana riƙe da gefen zanenta, uwarsu ta kankare masa ƙanzon tukunya, don shi ba abin da yake so kamar ƙanzo.

Ana gab da shiga jirgi sanƙarau ya kama Usaini. Wuya ya sanƙare, jiki kamar garwashi. Masu duba lafiya suka ce yaron nan ba zai hau ba. Malam Wada ya rasa inda zai sa kansa. Ƙanwarsa da suke tafe tare, Gwaggo Asma, ta ce su je, ita za ta zauna da yaron, in an sauke farali a dawo a ɗauke su. Asiya ta durƙusa kusa da tabarmarsa, ta sa bakinta a kunnensa ta ce, "Usaini, kada ka yi kuka. In ka ji an kira Sandifa ka taho da gudu, mu ne." Ya buɗe ido ya dube ta. Ta ce har yau ba ta san ko ya gane ba.

Ba a koma ba. Malam Wada ya yi hajjinsa, ya kama aikin ɗaukar ruwa don ya haɗa abin komawa, kafin shekara ta zagayo ƙasar Makka ta karɓe shi. Uwar ta yi ta aika saƙo ta bakin masu komawa. Wani ya ce Gwaggo Asma ta yi aure ta bi mijinta Kasala, wani ya ce a'a, Gadarif, wani ya ce bai taɓa jin masu wannan suna ba. Uwar ma ta rasu, ta bi mijinta. Asiya ta girma, ta yi aure, ta haihu, mijin ya rasu, ta kafa tukunya a bakin titi. Ranar da ta fara talla ta buɗe baki za ta ce tuwo, sai kiran babanta ya fito. Ta ce tunda duniya duka nan take zuwa, ba sai ta je neman kowa ba. Wata rana Usaini zai zo, ita dai nata ta yi ta kira.

Ni fa da farko haushi take ba ni. Na kira ta da sunan ɗanta na ce, "Haba Ummu Taha, mutum ya zauna kusa da ke sai ya yi ciwon kai? Ki kira tuwonki mana kamar kowa!" Sai ta yi murmushi ta ce, "Rabi, juya ƙosanki, yana ƙonewa." Kullum in ta kwashe tuwo sai ta kankare ƙanzon ta rufe a ɗan kwano ta ajiye gefe. Ba na sayarwa ba ne, ko ni ban isa in taɓa ba. Sai za mu tashi take miƙa wa duk wanda Allah ya ciyar. Na tambaye ta, "Wai shi Usainin nan naki, kin san yanzu tsoho ne? Wataƙila ko haƙorin cin ƙanzo ba shi da shi." Ta ce, "A wurinki ne tsoho." Daga nan ban ƙara ba, don na ga idonta ya cika.

Kiran kuwa bai tashi a banza ba, ya yi ta kamo mutane, sai dai ba wanda ake nema ba. Wata shekara wani dogon direba daga Abeshe ta ƙasar Chadi ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya ce wa ya kira shi? Ashe jikan mai dokin nan ne. Wata shekara mata biyu daga Niyala ta Sudan, zuriyar mai lambu. An yi wani tela da ya ce shi a Fagge aka haife shi, kakansa mai wanki ne ya gaji da tafiya ya juya gida, bai ko ga teku ba. Kowanne ta zaunar da shi ta cika masa kwano, ta tambaye shi ko ya taɓa jin labarin wani Usaini, ɗan Wada kuku. Kowanne ya girgiza kai. In sun tafi sai ta ce, "Rabi, kin ga sunan nan? Kamar audugar da iska ta kwasa. Ko'ina ya sauka sai ya tsiro." Ni kuwa in ce mata ni dai ban ga ya tsiro mana ciniki ba.

Ɗanta Taha ba ya son zancen ko kaɗan. Shi a nan aka haife shi, yana aiki a wani shagon sayar da wayoyi, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. A takardunsa Hausawi aka rubuta a matsayin sunan gida, kamar dubban 'yan'uwanmu, kuma hakan ya fi masa. Yakan zo ya tsaya kanta, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ummi, halas mana, ya isa haka, aibi ne. Sunan Nasara a ƙasa mai tsarki? Abokaina dariya suke yi mini." Ita kuma ta ce, "Da sunan nan kakanka ya yi ɗawafi, ba wanda ya kore shi. Zauna ka ci tuwo." Ba mugun yaro ba ne, kunya ce kawai ta 'yan zamani.

'Yarsa Hadil ce ta ɗauki abin da zafi. Wata rana ta zo da wayarta ta tsuguna tsakaninmu, ta ce ta binciko asalin sunan. Ta nuna mana taswirar ƙasar Ingila da wasu ɗige-ɗige 'yan kaɗan a gefe guda, wasu kuma can tsallaken wani teku. Ta ce da kakarta, "Sitti, kin gani? Ko a ƙasarsu ba su da yawa. An ce daga wani ɗan ƙauye suka fito, suka watsu." Asiya ta goge hannunta, ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko a ƙauyen akwai ruwa, ko ana sanyi, ko su ma uwayensu na tsayawa a ƙofa su kira yara in rana ta faɗi. Hadil ta ce wannan waya ba ta faɗa ba. Sai tsohuwar ta ce, "To ina Abeshe? Ina Niyala? Ina Fagge? Ina Mansur?" Hadil ta ce babu. Ta miƙa mata abarta ta ce, "Wanda ya zana wannan bai gama aikinsa ba. Akwai ɗigo ɗaya ma da ni kaina ban san inda zan sa shi ba."

Lokacin aikin hajji mukan rufe tukwanenmu mu kama aikin girki da kamfanonin da ke ciyar da alhazai a Arfa. Kowa na neman ɓangaren da ya fi sauƙi, ita kuwa kullum roƙonta a kai ta wajen tantunan mutanen Sudan. In an gama rabon abinci, maimakon ta zauna ta miƙe ƙafa, sai ta bi layin tantuna tana kira. Mutane na addu'a, suna kuka, suna ɗaga hannu, ga wata tsohuwa tana ratsawa da sunan Bature a bakinta. Wasu su ɗauka yaro ne ya ɓace mata. Ba su yi kuskure ba.

Bara waccan muryar ta fara dishewa. Da farko muka ce hayaƙi ne, na dafa mata citta da kanumfari, na hana ta ruwan sanyi. Abin ya ƙi. Taha ya kai ta asibiti, aka ce akwai wani ƙari a maƙogwaron, dole a yi aiki, kuma in an yi, da wuya muryar ta dawo. Likita ya so a yi nan take. Ta ce sai bayan Arfa. Taha ya yi faɗa, ya yi lallashi, har kuka ya yi, ta ce sai bayan Arfa. Ni ma na sa baki, na ce, "Ke wai ranki ne ba kya so? Shekara nawa kina kira, wa ya amsa?" Ta kama hannuna, da wannan muryar tata da ta koma kamar ana jan tabarma a ƙasa, ta ce, "Rabi, na ce masa in ya ji ya taho. In na yi shiru, me zai ji?" Wallahi tsoro ya kama ni ranar, kuma na ji kunyar bakina.

Daga nan ta daina kira a Mansur. Tana tattalin muryar kamar mai tattalin ruwa a tafiya. Titin ya yi wani iri, har mai shayi ya zo yana tambaya ko lafiya. Ni da nake cewa ta dame ni, sai ga ni ina ƙona ƙosai saboda shirun.

Ranar Arfa ta zo da zafinta. Muka raba shinkafa da nama tun kafin azahar, muka wanke abin da za mu wanke. Na ga ta kankare ƙanzon babbar tukunya ta ƙulle a gefen mayafinta. Bayan la'asar, lokacin da filin yake yin wannan shirun nasa, kowa ya fuskanci alƙibla, hasken rana ya yi laushi a kan farin harami har ka rasa gane mutum da hazo, ta miƙe. Na ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, na riƙe mata hannu. Muka shiga tsakanin tantuna.

Kiran farko da ƙyar ya fita. Na biyu ya ɗan ɗaga. Tana yi tana tari, tana tsayawa, tana dafa ni. Muka ƙure layi muka shiga wani. Ba wanda ya waiwayo sai masu kallon tausayi. Na ce mu koma haka, ta girgiza kai. A ƙarshe ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake, babu. Ta dube ni kamar yarinyar da aka ƙwace wa abu.

Ban san lokacin da na yi ba. Ni Rabi, da na shekara da shekaru ina yi mata tsiya, na cika ƙirjina na kwarara shi da muryar tallan ƙosai: "Sandifaaa!" Har wani soja ya juyo. Na sake, na kuma sakewa.

Sai ga wata mata ta ɗaga labulen wani tanti ta fito, ba yarinya ba, ta kai sa'ar Taha. Ta dube mu ta yi magana da Larabcin Sudan, da ta ga fuskokinmu sai ta juya Hausa. Ta ce, "Baiwar Allah, wa kuke nema? Sunan gidanmu ke nan."

Na riga na saba, na ce a raina ga wata jikar mai lambu. Na tambaye ta sunanta, ta ce Jannatu, daga wajen Gadarif. Na ce 'yar wa? Ta ce, "'Yar Usaini ce ni, Usaini ɗan Wada. Gwaggonsa ce ta rene shi, iyayensa sun haye teku yana ƙarami." Hannun Asiya ya saki nawa, ta zauna a ƙasa daɓas. Na ce, "Yana raye?" Ta ce, "Ga shi can tantin maza, ni na rako shi. Wannan ne zuwansa na biyu. Ya taɓa zuwa da daɗewa, ya yi ta duba fuskokin mutane, ya koma bai ga kowa ba."

Na ce, "Ya taɓa zuwa? Nan wurin? To ai kowace shekara matar nan tana bin tantunan nan tana kira! Yaya aka yi bai ji ba?"

Jannatu ta dube ni, ta dubi tsohuwar da ke zaune a ƙasa, sai ta sa hannu ta rufe bakinta. Da ƙyar ta ce, "Baba ai ba ya ji. Tun ciwon da ya yi a bakin teku kunnensa ya tafi. Bai ƙara jin komai ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna duk safiyar da ke cikin shekarun nan, duk kiran da ya fasa mini kunne, duk ƙanzon da aka rufe a kwano. Asiya ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta.

Jannatu ta je tantin maza ta fito da shi. Wani ɗan tsamurmurin tsoho, harami ya yi masa yawa, gemu fari fat, haƙoran gaba babu, kamar dai yadda ta bar shi. Goshin kuwa nata ne sak. 'Yar ta yi masa nuni da hannu irin nasu na gida, ta nuna Asiya, ta nuna yamma wajen teku, ta haɗa yatsu biyu. Ya tsaya yana kallonta. Ya daɗe yana kallonta. Asiya ta kwance gefen mayafinta, ta miƙa masa ƙanzon.

Ya dubi abin da ke tafinsa. Leɓensa ya fara motsi. Da ya yi magana, muryar ta fito da ƙarfi ba daidai ba, irin ta wanda ba ya jin kansa, kuma Hausar ta yara ce, don a nan tasa ta tsaya. Ya ce, "Yaya. Na yi ta saurare. Kullum ina saurare. Ban ji ba, Yaya. Kada ki yi fushi."

A nan ne Asiya ta fashe da kuka. Ni ma na fashe, Jannatu ma, har sojan nan na ga ya kau da kai. Asiya ta girgiza masa kai, ta girgiza, tana son ta ce ba laifinsa ba ne, babu murya. Sai ta kamo hannunsa ta ɗora a maƙogwaronta, daidai inda ciwon yake, ta danne da nata. Ta ɗaga kai yadda ta saba, ta ja numfashi, ta kira. Ni da ke tsaye kusa da ita ban ji komai ba. Amma na ga yatsunsa sun motsa a wuyanta, na ga idonsa ya buɗe.

Ya ce, "Na'am, Yaya. Ga ni."